Baƙi Biyu, Babu Wasali

Kun gani, kada wani ya ce bai gani ba. Ku da kuke bi ta bayan makarantar elementare ta Garin Inuwa in za ku fadama, kun sha jin kukan yara ta taga, kuka gyara fartanya a kafaɗa kuka wuce. Wasunku har cewa suke yi, "Ilimi ke shiga." Tsumagiya ce ke shiga. Laifin da ake dukan 'ya'yanku a kansa kuwa, da ku za a tsayar gaban allon nan, da duk kun aikata shi: yaro ya ce "sitof" a inda Bature yake cewa "stop".

To ku zauna ku ji labarin wani da ya kawar da kai irin naku.

A daminar 1954 aka turo Malam Umara garin, sabon malami ɗan cikin birnin Haɗeja, alli bai gama kama yatsunsa ba. Kogi ya malale fadama, shinkafa ta yi kore shar, mai son shiga gari sai ta kwalekwale. Aka ba shi aji uku, inda ake fara Turanci. Kullum da safe hedimasta Malam Tukur yakan shigo da tsumagiyar tsamiya ya gwada yaran. Ya rubuta "school", su ce "sukul". Ya rubuta "bread", su ce "biredi". Harshen Bahaushe bai saba fara magana da baƙi biyu a manne ba, sai ya cusa wasali a tsakani. Kowane wasali guda, bulala guda.

Ran nan an tashi, Umara yana share allo, sai wata budurwa ta shigo ba ko sallama, tana janye da wata yarinya 'yar ajinsa mai suna Kulu.

"Kai ne malamin aji uku?"

"Ni ne."

Ta buɗe tafin hannun yarinyar ta miƙa masa har gaban hanci. Ya kumbura, shatar tsumagiya ta kwanta a kai.

"Ba ni na doke ta ba," in ji Umara. "Hedimasta ne."

"Kai kana ina?"

"Ina... ina tsaye."

"Kana tsaye." Ta dube shi daga hula har takalmi. "To sannu da tsayuwa, Malam. Allah ya ba da lada."

Ta ja ƙanwarta suka fita. Umara ya daɗe riƙe da tsumman share allo. Kunya ta rufe shi, amma duk da kunyar bai kasa lura da idanunta ba, da 'yar wushiryar da ta bayyana lokacin da take yanka masa magana.

A ƙofar makaranta akwai wata tsohuwa mai sayar da soyayyen kifi, Yakaka. Ita ya tambaya.

"Jikata ce, Zainaba, 'yar ɗana Gwani Ari," in ji tsohuwa. "Hukumar En'e ta ɗauke ta da ƙarfi ta kai ta makarantar 'yan mata a Kano, ubanta yana ji yana gani. Tun da ta dawo ya ce ita da boko sai a lahira. Me ka yi mata take huci haka, mijina?"

"Ban yi komai ba, Kaka."

"Ai shi ne laifin."

Da la'asar ya wanke rigarsa ya tafi ƙofar gidan Gwani, wai ya zo duba hannun Kulu. Yakaka ta shimfiɗa masa tabarma ta zauna gefe tana gyaran kifi. Zainaba ta fito fuska a ɗaure.

"Tsayayye ne? Yau kuma zama aka zo yi?"

"Haƙuri na zo bayarwa. Ni ma da duka aka koya mini, ban san wata hanya ba. In kin sani, ki koya mini."

Ta kalle shi kamar mai auna hatsi. Sannan ta kira Kulu.

"Yaya sunan ɗan Liman?"

"Mustafa."

"Ka ji, Malam? Baƙin 'sa' da na 'ta' a manne, ba wasali a tsakaninsu, kuma ba ta yi tuntuɓe ba. Ɗauri ne, alamar nan da ke hana baƙi motsi, wadda kowane yaro ya sani tun yana karatun allo. Abin yana bakinsu tuntuni. Bambancin kawai, mu a tsakiyar kalma muke yinsa, Bature a farko. Kulu, haɗiye 'Mu' ɗin a cikinki, ki faɗi sauran."

"Stafa."

"Tsaya a rabi."

"Sta."

"Karanta wannan." Ta zana kalmar a ƙasa da tsinke.

"Stop," in ji Kulu, sai ta toshe bakinta da hannu don mamaki.

Umara ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Yakaka ta ce, "Kai, kunama ce a tabarmar?"

Daga ranar aji uku ya sake. Umara ya bi sunayen da yaran suka tashi da su. Daga Ibrahim suka ciro "bra" suka kai ga "bread". Daga Idris suka kai ga "drum". Usman ya ba su "small", magriba ta ba su "green", alƙibla ta ba su "black". Yaro ya faɗi kalmar gida sau uku da ƙarfi, a na huɗu ya haɗiye farkonta, sai ga Turanci ya faɗo. Malam Tukur ya shigo da tsumagiyarsa ya rasa wanda zai doka, ya fita yana taunar leɓe.

Umara kuwa bai ƙara fashin ƙofar gidan Gwani ba. Ranar da ruwa ya hana fita, sai ya saka 'yar takarda a cikin littafin da yake ara mata, Yakaka ta kai a ƙarƙashin faifan kifi.

"Malamata, yau Buba da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya karanta layi guda cur. Na so a ce kina bakin taga. Nakan faɗi sunanki sau uku, a na huɗu in haɗiye shi, amma ya ƙi wucewa daga maƙogwaro. Naki, Umara."

Amsa ta dawo tana ƙanshin man gyaɗa.

"Tsayayyena, sunana ba na haɗiya ba ne, na kaiwa gaban Baba ne. In da gaske kake, ka san hanyar zaure. Ka gaida Buba. Zainaba."

Ya aika wa kawunsa Haruna a Haɗeja. Kawu ya hau kwalekwale da huhun goro da turmin atamfa, ya yi sallama da Gwani Ari. Gwani ya karɓa ba yabo ba fallasa, ya ce a ba shi lokaci ya yi istihara.

Abin da Umara bai sani ba, Malam Tukur ya riga shi neman Zainaba, ta ce ba ta auren hannun da ya saba da fatar yara. Da hedimasta ya ji an kai goro, sai ya ɗauki kekensa ya nufi gindin ɗurumin ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama bayan azahar.

"Ni dai na fita haƙƙinku," in ji shi. "Yaron nan yana sa 'ya'yanku su sare wa sunan Annabi Ibrahimu kai, su mai da shi burodin Nasara. Har alƙibla bai bari ba. Ku tambayi 'ya'yanku in ƙarya nake."

Aka tambayi yara, yara suka rera abin da aka koya musu da murna. Gari ya ɗauki wuta. Mutanen da shekara da shekaru ba su taɓa taka ƙofar makarantar ba don jinin 'ya'yansu, ran nan har da masu sanda. Aka kira Umara gaban dagaci.

"Kai ka ƙago wannan abu?" in ji dagaci.

Malam Tukur ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce daga wani babban gida aka koya masa. Kullum yana ƙofar gidan Gwani."

Umara ya ga ramin da ake haƙa wa Zainaba. In sunanta ya fito a nan, ba ta ƙara ɗaga kai a garin.

"Ni kaɗai ne," in ji shi da ƙarfi. "Ba ruwan 'yar Gwani. Me ta sani a aikin malanta?"

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma zuciya ta ɗebe shi, ya juya ga jama'a. "Ku kuma, ina kuke ana farfasa hannuwan 'ya'yanku? Sai yau kuka san hanyar makaranta?"

Ba a faɗa wa dattawa irin wannan a gaban dagaci. Aka yanke cewa ya bar aji uku har Wakilin Makaranta ya zo daga Haɗeja, Malam Tukur ya riƙe ajin. Kafin magriba an mayar da goro da atamfa masaukinsa, ko ɗaurin huhun ba a kwance ba.

Washegari Yakaka ta ajiye masa littafi ba tare da ta tsokane shi ba.

"Malam Umara, an gaya mini abin da ka ce a gaban gari, wai me na sani. Na san abin da ya sa ajinka ya daina kuka. Na ɗauka mutum na samu, ashe ɗan boko ne mai cin tuwo ya ce shi ya tuƙa. Ga littafinka. Zainaba."

Ya karanta cikin haushi. Ya rubuta a bayan takardar.

"Malamata, da na ce ke ce, da yanzu sunanki ake tauna a bakin rijiya. Na zaɓi ki ji haushina a kan gari ya ci namanki. Kalmar ta yi muni, na sani, ita ta fara zuwa bakina. Duk abin da na iya a ajin nan naki ne, kuma zan faɗa a gaban duk wanda kika zaɓa."

Zainaba ta karanta a bayan rumbu, ta share hawaye da gefen zane. Ba ta aika amsa ba. Zaure ta nufa, inda mahaifinta yake fiƙe alƙaluman kara, ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Ni na koya masa. Kuma a bakinka na fara jin ɗauri."

Gwani Ari ya ajiye wuƙar. "Ke? Ke da kika sauke Alƙur'ani a hannuna?"

"Ni ce, Baba. Kulu ake duka."

"Kuskure ba ya zama daidai don ya fito daga gidana. Sunan Annabi ba rake ba ne da za a riƙa gutsura. Tashi ki ba ni wuri. Maganar yaron nan kuma ta mutu."

Ta tashi. Tun daga ranar ba a ƙara jin dariyarta a gidan ba. Umara kuma aka ba shi 'yan aji ɗaya yana koya musu ƙirga da ƙwallon goriba, yana jin ƙarar tsumagiya ta bango. Malam Tukur ya hana haɗiye farkon kowace kalma. Yaran suka rikice, wasalin ya dawo, dukan ya ninka na da. Ku kuma kuka ci gaba da wucewa ta bayan taga, hankalinku kwance, kun kare addini.

Wata safiya Gwani yana biya wa yaran gidansa karatu kafin su tafi boko. Kulu ta ɗauki allonta ta fara, muryarta garau. Tana isowa kalma mai ɗauri sai ta tsaya cak. Ta saki allon, ta ɗora hannu biyu a ka, ta dunƙule.

"Ci gaba," in ji Gwani.

Ta sake daga farko. Ta iso wurin, ta sake dunƙulewa, jikinta yana ɓari.

"Wa ya taɓa ki? Karanta mana!"

"Baba, ban san wanne ake so ba," in ji ta cikin kuka. "In na manne su a doke ni, in na raba su a doke ni."

Gwani ya dubi allon da ke ƙasa. Wurin nan Kulu ta wuce shi tun bara ba gargada. Ya kira wani yaron, shi ma da ya iso ɗauri sai da ya saci kallon hannun malam.

Yakaka tana bakin ƙofa da faifanta a ka. "Ari," in ji ta, don ita kaɗai ke kiransa haka, "ka tsare suna, madalla. Ga karatun kuma yana zubewa a zaurenka. Ka raba yara biyu masu son juna, ka bar mai tsumagiya yana yawo a keke. Ni na haife ka, amma yau ban gane lissafinka ba."

Gwani ya sallami yaran. Da hantsi ya aika a kira Umara.

Umara ya shigo zaure ya tuɓe takalmi ya gaishe shi, amma fuskarsa ba ta risina ba.

"Ka yi kuskure a kan sunaye," in ji Gwani.

"Allah gafarta Malam, an daɗe ana dukan..."

"Ban tambaye ka laifin wani ba. Wannan na gan shi da idona yau, kuma nawa kason yana wuyana. Naka nake tambaya. Ka sa yara suna gutsura sunan Annabawa suna dariya, ko ba ka sa ba?"

Umara ya buɗe baki. Hujjoji sun cika masa ciki, waɗanda ya daɗe yana wasawa. Sai ya ji motsin munduwa a bayan asabarin ƙofar cikin gida, ya san wadda ke tsaye a wurin. Ya tuna yadda yaran suke ƙyalƙyala dariya in sun ce "brahim", shi ma yana taya su.

"Na sa," in ji shi a hankali. "Ban yi da nufin raini ba, amma na sa. Na bar su daga yau. Sai dai hanyar ba zan bar ta ba, ko da za a hana ni Zainaba har abada. Kuma hanyar tata ce, ba tawa ba. Na yi ƙarya a gaban dagaci."

Gwani ya shafa gemu.

"Wa ya ce ka bar hanyar? Hausa ta ƙare ne sai sunan Annabawa? Me ke kaɗa shinkafa a fadama?"

"Iska."

"Me wanzami ke riƙewa?"

"Aska."

"Kasko fa? Fuska fa? Haske fa?"

"Ska," in ji wata murya daga bayan asabari. "Sky. School."

"Ba da ke nake ba," in ji Gwani, amma bai ɗaga murya ba. "Wanda ka samo daga Ibrahim kuma, ka je bakin kogi wurin masuntan nan Sakkwatawa ka ji yadda suke kiran sauro. Sabro suke cewa. Shi kam ka gutsura shi yadda ka ga dama, ba mai kai ƙararka a ƙasar Haɗeja."

Yakaka ta fashe da dariya har faifanta ya karkace.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla Gwani Ari ya miƙe a ƙofar masallaci. Ya ce malamin ya yi kuskure ya gyara, saura su. Ya ce shi ma yana da bulala a zaurensa, amma bai taɓa dukan yaro don Allah ya halicce shi da harshen Hausa ba. Ya ce duk uban da ya ɗauki sanda don suna, ya duba tafin hannun ɗansa in ya koma gida. Da Wakilin Makaranta ya iso, Gwani da kansa ya raka shi aji uku, suka zauna a benci ɗaya da yara. Aka mayar wa Umara ajinsa. Malam Tukur ya nemi canji zuwa wani gari, aka ba shi. Can ma akwai yara, kuma ba wanda ya karɓe tsumagiyar daga hannunsa.

Da yamma Umara ya koma tabarmarsa ta ƙofar gida. Zainaba ta fito tana rufe murmushi da mayafi.

"Har yanzu ina fushi," in ji ta.

"Na sani, Malamata. Nawa ne kuɗin makarantar masu koyon ban haƙuri?"

"Ba ka da shi. Amma za a karɓe ka a aji ɗaya."

"Zan yi ta maimaita ajin har in tsufa."

"Za ka yi kuwa, don malamar ba ta da sauƙi."

Bayan an yanke shinkafa, ruwa ya janye, hanya ta buɗe, Kawu Haruna ya dawo da sabon goro, wannan karon a kan jaki. Aka ɗaura aure a zauren Gwani, masunta suka kawo kifi kwando-kwando, Yakaka ta yi rawa tana cewa an ƙwace mata miji da rana tsaka. Gwani ya yarda amarya ta riƙa koyar da 'yan mata a makarantar. Da za a kai ta, ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Allah ya sa kada yaro ya taɓa jin tsoron buɗe baki a gabanku." Jama'a suka ce amin. Mu ma mun ce amin, Allah ya bar su tare.

Amma kada ku shafa fatiha ku watse kamar an gama. Aji ɗaya ne aka gyara a gari ɗaya. Daga Malam Madori har Baturiya akwai makarantun da gobe da safe za a jera yara a doke su a kan wasali guda. Ɗanka yana cikinsu, ko ɗan maƙwabcinka. Gobe kada ka bi ta bayan taga. Ka shiga ta ƙofa, ka yi sallama, ka zauna a benci ka ji yadda ake koya masa. In ka ga hannu ya ɗaga sama da tsumagiya, tashi ka riƙe shi.